Ƙofar da Rago Ya Tunkuya

Kai da kake neman inda za a buge maka lotsewar mota, aje makullin nan ka ji misalin wani dattijo.

Tsohon tela ne da ya ajiye keken ɗinki, yana da wata Fijo baƙa wuluk da ya gada wurin mahaifinsa, irin wadda in ta wuce tsofaffi ke bin ta da ido suna tuna ƙuruciya. Kullum da la'asar sai ya tuƙo ta zuwa majalisarsu a gindin ceɗiya, alhali tsakanin gidansa da wurin ko mai ciwon gwiwa ba zai nemi sanda ba. Yana fitowa sai ya ƙwanƙwasa ƙofar da zobensa na azurfa, ta amsa ƙwal kamar tasa, ya ce, "Kun ji ƙarfen da. Motocin yanzu gwangwanin madara ne." Abokansa sun ji wannan karatu har sun haddace, wata rana ma su ke ƙarasa masa. Motar ba haya take yi ba, ba kaya take ɗauka ba. Wannan bakin magana shi ne duk amfaninta, kuma da shi yake rufe bakin kowa in gardama ta tashi, ko da gardamar a kan farashin albasa ce. To, tsabar gogewa sai ƙofar ta zama madubi. Wata safiya ragon da matarsa ta turke ya tsinke igiya, ya zo wucewa, ya ga wani rago a jikin ƙofa yana hararar sa. Ya ja da baya, wancan ma ya ja da baya. Ya sunkuyar da kai, wancan ma haka. Ai kuwa ya zabura. Da dattijo ya fito da butarsa a hannu, sai ya tarar da rami a ƙofa kamar akushi, har da shatin ƙaho, rago kuwa ya koma kan dusarsa yana ganin ya gama da abokin gaba.

A garin akwai mai fanal bita da kowa ya yarda da hannunsa. Illarsa ɗaya: garejinsa yana kallon majalisa, kuma aikinsa na guduma ne. Sai ya cire ƙofa, ya bi ta ciki yana bugu a hankali, kwana da kwanaki, unguwa duk tana ji. Dattijo ya hango a ransa abokansa sun tsallako titi suna tambayar wace tirela ce ta yi wa ƙarfen da haka, shi kuma ya buɗe baki ya ce rago. Allah ya kiyaye! Sai ya rataya darduma a kan ƙofar kamar mai shanya, ya bi ta bayan gari yana leƙa gareji-gareji. Bai ce wa kowa nuna mini motar da ka gyara bara in ga yadda ta kwana ba. Tambayarsa biyu ce: za a ji ƙara? Za a gama yau? Duk wanda ya ce masa sai an buga, sai ya ja motarsa. A can ƙarshen layi ya sami wani mai gyara, da allon talla mai walƙiya, hannunsa tas, ko guduma ɗaya babu a rumfarsa. Mutumin ya shafa ramin ya ce, "Baba, mu ba ma dukan mota, lallashinta muke yi. Je ka ci abinci ka dawo." Da ya dawo, ga ƙofa sumul tana sheƙi. An cike ramin da fila kamar yaɓen ɗaki, an fesa fenti. Dattijo har da sa masa albarka.

La'asar na yi ya iso majalisa, ya fito, ya wuce ya zauna a kan tabarma. Abokai suka zuba masa ido, ana jiran ƙwanƙwasar da ya saba. Can sai wani taubashinsa mahauci, wanda tsokana ce tuwonsa, ya ce, "Yau ƙarfen da azumin magana yake yi?" Dattijo ya ce yatsansa ne ke ciwo. "Ai ba a bar ɗan'uwa da lalura," in ji mahauci, ya miƙe da sandarsa ya ƙwanƙwasa ƙofar. Ta ce dum, kamar gangar da ta kwana a ruwa. Ya karkata kunne, ya ƙara mata da ɗan ƙarfi. Fenti ya tsage, wani ɓawo kamar faifai ya ɓamɓaro ya faɗi ƙasa. Ga ramin nan yadda rago ya bar shi, da shatin ƙahonsa, an cusa masa takardar buhun siminti don kada fila ta ci da yawa, a tsakiya kuma an danna gwangwanin madara guda, ko takardar jikinsa ba a ɓare ba. Mahauci ya zaro gwangwanin, ya ɗaga sama, ya ƙwanƙwasa shi da farce. Wani tsoho sai da aka yi masa fifita don dariya.

Ƙarshenta dai tsallaken titin nan aka kai ƙofar. Mai guduma ya fara da kankare aikin mai lallashi, sannan ya shiga bugu, aikin ya ninka kwanakin da zai ci tun farko. Duk ƙwal ɗin da ya tashi daga gareji, sai majalisa ta amsa da kukan rago. Ƙofa ta gyaru, har ta dawo da muryarta, amma zoben nan bai sake taɓa ta a gaban mutane ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.