Tsakuwar da Manomi Ya Rufe a Ƙwaurinsa

Kai da kake cewa a lulluɓe maganar haka nan tunda ba ta yi girma ba, gyara zama ka ji wannan.

An yi wani manomi, mutum ne mai ƙwazo, sai dai taurin kai kamar jakin ɗaukar itace. Damina ta kankama, geronsa ya fito kore shar, ciyawa kuma ta soma kunno kai a kunyoyi, lokacin noman fari ya yi. Ranar kasuwa ya je ya sayo taki, ya ɗaure buhun a bayan babur, ya kamo hanyar gida a gajiye, ko karyawa bai yi ba. Yana cikin tafiya a kan burji sai akuya ta gitta, ya danne birki, buhun ya rinjaye shi, babur ya kwanta ya ja shi a ƙasa. Allah ya taƙaita, ƙashi bai karye ba. Amma fatar ƙwaurinsa ta saluɓe tun daga gwiwa har kusa da idon sawu, yashi da ƙananan tsakuwa sun nutse cikin jan nama, kai ka ce tsire ne ya faɗi ƙasa. Mutane suka kama shi zuwa ɗakin shan magani na ƙauyen. Malamar da ke wurin dattijuwa ce, ta ga irin wannan har ta gaji da gani. Ta ce za a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a tsince tsakuwar ɗaya bayan ɗaya, a shafa magani a rufe da bandeji, a yi masa allura, sannan ya raba ƙafar da gona na 'yan kwanaki. Tana zuba ruwan farko ya ji zafin har tsakar kansa, ya janye ƙafa. Zafin dai da sauƙi, abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne 'yan kwanakin nan.

"Malama, ƙujewa ce fa kawai," in ji shi. "Ciyawa ba ta jiran majinyaci."

"Malam, ƙasar da ke ciki ba za ta fita da kanta ba."

Ba ta tsaya ja da shi ba, don ga mata da jarirai a kan benci suna jiranta. Ya ɗingisa ya fita. Bakaniken da ke miƙe masa kan babur ya ce wane irin asibiti a kan ɗan wannan, ai man birki shi ke busar da ciwo nan take, ya tsiyaya masa. Da ya isa gida matarsa ta ɓare ƙwayar maganin nan ja-da-yalo ta barbaɗa garin, ta liƙa auduga, ta ɗaure da tsumma. Kowa ya ba da tasa gudummawar da zuciya ɗaya, babu dai wanda ya fitar da ƙwayar yashi ko guda. Gari na wayewa bakin ciwon ya bushe ya yi baƙin ɓawo, manomi ya duba ya ce to ga shi nan, da ya biye wa mutanen asibiti da yanzu yana kwance. Ya saɓa fartanya ya shiga raɓa da laka. Ba a jima ba ƙafar ta fara zogi a ƙarƙashin ɓawon, kaluluwa ta fito masa a matsematsi, zazzaɓi na zuwa da la'asar. Ƙudaje suka riga shi sanin halin da ake ciki, duk inda ya zauna suna biye da tsumman. Ya ci gaba da noma yana jan ƙafa, kunyar da yake gamawa kafin hantsi ta koma kai shi azahar, har ranar da ya zauna a bakin gona don ya ɗan huta, tashi ya gagara.

A amalanke aka mayar da shi wurin malamar nan. Tana ganin ƙafar ta sa aka kawo ruwa. Audugar ta riga ta zama ɗaya da nama, sai da aka jiƙa aka ɓamɓare ta. Mugunya ta biyo, ga tsakuwar nan zaune daram inda ya bar ta, ƙujewa ta zama gyambo mai zurfi. Wankin da ya guje wa sau ɗaya ya koma na kowace safiya, ƙarti biyu na danne shi yana cizon hularsa, babban mutum da hawaye a gemu. Maƙwabta sun yi alkawarin gayya, amma a tsakiyar damina kowa ciyawarsa ta isar masa, suka yi masa yini guda suka koma nasu. Yana kwance a zaure yana jin ruwa na sauka a kan kwano, ya san wa ruwan yake ciyarwa.

Ranar da ya iya dogara sanda ya je gonar, ciyawar harƙiya ta kai masa ƙugu. Geron na can ƙasa, sirara, ganye ya yi rawaya, ko an nome yanzu sai dai a sami kara. Ya daɗe a tsaye yana tunanin rumbu da yaran da ke gida, ya rasa ma ƙarfin yin fushi, don babu wanda zai yi fushin da shi.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, wanda ya ƙi sharar masallaci, zai yi ta kasuwa.