Jan Fensirin Malam Sanusi

Sau biyu Malam Harisu yana faɗuwa jarrabawar akawun En'e, kuma duka biyun Turanci ne ya kayar da shi. Saura dama ɗaya. In ta kuɓuce, to sai fartanya.

Ciwon nasa ƴar kalmar nan ce, "the". In dai ya ga jam'i, shanu ne ko manoma, sai ya manna masa ita, kamar mai sa wa tuwo gishiri.

Da abin ya ishe shi, ya rubuta wa Malam Sanusi, wani malamin Turanci a Katsina da ake ta yabo, ya roƙi arzikin gyara. Ya miƙa wasiƙar ga Baba Gide, tsohon sojan yaƙin Bama da ke kai wasiƙun Faskari zuwa Funtuwa a kan keke duk Litinin.

Ranar Alhamis sai ga amsa. Takardar ta sha jan fensiri, a ƙasa an rubuta: "Haba, Malam!" Harisu ya yi ta yabon saurin gidan waya.

Haka aka yi wata bakwai. In zancen shanun duniya duka ne, a soke kalmar. In shanun Sarkin Fulani ne da kowa ya sani, a bar ta. Takardun kan dawo da ɗan warin taba. Wani lokaci Harisu ya karanta wa Baba Gide gyaran da ƙarfi, yana tsokanarsa: "Baba, wannan ba faretin soja ba ne." Tsoho ya yi dariya, ya gyara zaman hularsa.

Sakamako ya fito, Harisu ya ci! Murna, baki har kunne. Ya sayi riga mai aska biyu, ya naɗe, ya ba Baba Gide ya aika wa Malam Sanusi.

Ranar Juma'a, wa zai gani a sahun gaba? Baba Gide, ya sha rigar, yana ta baza hannuwa.

Ran Harisu ya ɓaci ƙwarai. Ya zauna ya zuba ƙara da Turanci zuwa ga Di'o, cewa ɓarayi ba su dace da ɗaukar wasiƙa ba. Don ƙeta ma bai rufe ta ba. Litinin da safe ya miƙa wa tsohon a bakin ofishin hakimi, gaban jama'a.

"Baba, kai wannan da hannunka."

Baba Gide ya jingine keke, ya nisanta takardar da idonsa, ya daɗe yana kallo. Mutane suka fara ƙunshe dariya.

"Malam Sanusi kau ya bar Katsina tun bara," in ji shi. "Na ga tausayinka ne, ban faɗa maka ba."

Sai ya sa hannu cikin hula, ya zaro guntun jan fensiri, ya lashi bakinsa, ya soke "the" ɗin da Harisu ya manna wa ɓarayi, ya rubuta "Haba, Malam!" a ƙasa.

"Wata bakwai ina fama da kai," ya ce, "ashe ko ɓarawo ba ka iya kirana daidai ba."