Dawar da Ta Mutu Ta Ciki

Akwai wata tsohuwa, gonarta na bakin hanyar rafi. Ɗanta guda ne, ya tafi ci-rani, ya ce mata kafin ruwan shuka zai dawo. Ruwa ya sauka, kowa ya fita da sungumi, ita tana ƙofar gida tana kallon hanya. In an tambaye ta sai ta ce ai yana tafe, jiya ma ya aiko. Alhali ko sallahu babu. Sai da dawar mutane ta kusa gwiwa, sannan ta ɗauki ƙwaryar iri ta je ta shuka ita kaɗai. To akwai wani ɗan ƙuda, bai kai na gida girma ba, shi dawar da ta makara yake jira. Ya hayayyafa a gonakin da suka riga, can kuma kara ya yi ƙwari ya fi ƙarfinsa, sai ya dawo kan ɗanyen tsiro. A bayan ganye yake saka ƙwansa, fari, ɗan mitsitsi. Tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta gangara can cikin tsiron ta yanke zuciyarsa. Ganyen waje kore shar, na tsakiya kuwa ya bushe. Ran da tsohuwa ta fara gani, ta ja guda, ya zaro ba gardama, gindinsa ruɓaɓɓe, yana wari. Ta waiga dama, ta waiga hagu. Ba kowa, sai kurciya. Ta cusa shi a bakin zane. Daga ranar, kafin masu ɗiban ruwa su fara wucewa ta riga ta bi gonar tana zare busassun, tana turawa ƙarƙashin gamba ta kan iyaka. Mai wucewa in ya duba, kore kawai zai gani.

Ran nan aka kwana ana ruwa, irin ranar da ake dashe. Maƙwabcinta ya rage dawarsa inda ta yi cunkoso, ya zo wucewa da dami a kafaɗa, saiwa duk da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya tsaya ya ce, “Inna, ko da gurbin da za a cike miki? Yara na nan, yanzu su dasa.” Saura kaɗan ta faɗa masa gaskiya. Amma in ta ce akwai, zai shigo gonar. In ya shigo, zai gane ba hannun namiji a aikin nan, gari kuma ya ji ɗanta ya manta da ita. Sai ta yi dariya ta ce, “Wane gurbi? Tawa ma neman mai ragewa take.” Ya ce, “To madalla, yau awaki sun yi Sallah.” Tana tsaye tana kallo ya watsa musu damin, suna ci suna ture juna. Lokacin dashe ya wuce. Dawarta ta yi 'ya'ya ta gefe, sirara, yawancinsu ko kai ba su fitar ba. Da kaka, abin da ta yanka a kwando guda ta ɗauko shi, ta biyo ta bayan gari don kada ta haɗu da kowa. Ta zuba a rumbu, ta leƙa, tana ganin ƙasan rumbun. Ta rufe, ta koma ƙofar gida ta zauna tana kallon hanya.

Shi ya sa masu iya magana suka ce, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.