'Ya'yan Ceri a Gindin Kwalba

An dakatar da shugabar mata masu yaƙi da shan giya ta cocin ƙauyenmu, kusa da Lublin, ranar Lahadi, bayan ta ɓarke da waƙar biki ana tsakar addu'a.

"Shekara talatin ko ɗigo ban kurɓa ba, Fada," in ji ta. "Maigidana ne ke haɗa giyar ceri. In ya tace abarsa, 'ya'yan da suka jiƙu a gindin kwalba kawai nake ci, gudun asara."

"Guda nawa, Inna?"

"Kwano ɗaya. Ƙarami."

Fada ya karɓe kwalbar domin bincike, ya ce ranar Laraba zai yanke hukunci kan kujerarta. Yau Juma'a, babu hukunci. Ya dai aiko a ƙaro masa wata kwalbar.