Tsuntsayen Gwangwanin Kofi

Lorraine Kowalchuk ta miƙa hannu, Renato ya cire bajon daga ƙirjinsa ya ajiye mata a tafi, yana murmushi kamar mai ba da sadaka. Ta jefa shi cikin jakarta ta wuce wurin na gaba. Haka take yi kowace safiya a filin jirgin Winnipeg, daga masu duba tikiti har masu lodin kaya.

Bajon ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗan jan tsuntsu ne na ƙarfe, irin wanda ke jikin wutsiyar jiragen kamfaninmu, Tallgrass. Amma tun da aka sanar cewa babban kamfanin Corvane na Toronto zai saye namu ya haɗe da nasa, tsuntsun ya zama laifi. Za a goge shi daga jirage, kuma wanda ya tsufa yana aiki a nan zai koma bayan wanda aka ɗauka jiya a can. Manya na son masu saye su ga ma'aikata suna murna, sai suka hana sa bajo, suka ɗora wa Lorraine, shugabar sashenmu, aikin ƙwacewa.

Ita kuwa ta riƙe aikin hannu bibbiyu. Ita ce farkon zuwa, ita ce ƙarshen tashi, fuska a ɗaure. Matar da ta shigo Tallgrass tun jiragensa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba! Aka daina gaishe ta. Da zagayowar ranar haihuwarta ba wanda ya kawo mata ko kofi, kuma ni ban ga laifin kowa ba.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne tsuntsayen ba sa ƙarewa. A ɗakin hutu akwai tsohon gwangwanin kofi a kan firji. Duk wanda aka ƙwace wa nasa, washegari ya zura hannu ya ɗauki wani. Ba sababbi ba ne, wasu fentinsu ya koɗe, wasu allurarsu ta lanƙwashe, amma gari bai taɓa wayewa gwangwanin ba komai a ciki ba. Wasu suka ce matuƙa jirgi ne ke kawowa daga birnin Regina, wasu suka ce tsofaffin ma'aikata ne da suka yi ritaya. Renato Villaflor, mai lodin kaya da bakinsa ba ya shiru, in an tambaye shi sai ya kashe ido ɗaya ya ce ai tsuntsu ƙwai yake yi.

Wannan kashe idon ne ya ja masa. Babban ofis ya turo wani Mista Prentice, mai kwat mai tsada da takalman da ba su san ƙanƙararmu ba. Ya kasa kunne, ya ji sunan da ke yawo, ya kira Renato ya ce masa Juma'a ce ranarsa ta ƙarshe, sai dai in an nuna wani ne daban ke cika gwangwanin. Renato na da 'ya'ya uku, ga tsohuwarsa da bai daɗe da ɗauko ta daga Manila ba. Ya rantse bai san komai ba. Ko mu ba mu yarda ba, balle Prentice.

Lorraine ce ta kawo shawarar kyamara, a gaban kowa kuma. Ta ce a kafa ta saitin firjin, kowa ya huta da zargi.

"Ke Lorraine, me suka yi miki alkawari?" in ji Odile mai duba tikiti. "Ofis mai taga a Toronto? To Allah ya ba da sa'a, sai ki riƙa hango mu daga can."

"Cire wannan abin daga rigarki, Odile."

Odile ta cire ta yar a ƙasa. Lorraine ta sunkuya ta ɗauka, ta goge shi da hannun rigarta, ta sa a jaka.

Ranar Alhamis aka kafa kyamarar. Haushi ya sa ma'aikata suka yi layi a gabanta, kowa ya ɗauki tsuntsu ya maƙala, wasu har da ɗaga wa kyamarar hannu, sai da gwangwanin ya zama wayam. Kafin azahar Lorraine ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta tattare. Renato bai yi barkwanci ba ranar, abincinsa ma bai taɓa ba. Ya san ba mai hankalin da zai kusanci firjin yanzu, kuma in gwangwanin ya kwana haka, Prentice zai ce ai ga shi, mai laifin ya tsorata. Da yamma ya kwashe kayansa daga loka, akwatin ajiyarsa na wurin aiki.

Da safiyar Juma'a ya shigo yin sallama. Sabo ya sa ya kai hannu kan firji, sai ya ji nauyi. Gwangwanin cike yake har baki.

Bai gama mamaki ba aka ce Prentice na nemansa. Ya tarar da mutumin zaune, fuska jawur, ko kujera bai nuna masa ba. Prentice ya ce masa ya mayar da kayansa loka, sannan ya juyo masa da kwamfutar da ke gabansa.

A bidiyon da kyamarar ta ɗauka, fitilar ɗakin hutu ta kama kafin jirgin farko. Mai shigowar ba ta yi sanɗa ba, ba ta waiwaya ba. Ta sauko da gwangwanin, ta juye ƙwacen jiya gaba ɗaya a ciki, ta zaɓi ɗaya ta maƙala a ƙirji. Sannan Lorraine Kowalchuk ta matso gaban kyamarar da ta sa aka kafa, ta ɗaga kai, ta tsaya sosai don kada a yi kuskuren fuska.