Jan Baki a Kan Bututu

Tana neman rigar tsaron hanya mai ƙyalli a motar mijinta, wanda ya dawo Paris daga Lyon, sai ta ci karo da bututun gwajin barasa, da jan baki a kansa. Shi kuwa ko warin giya ba ya so.

"Wace ce ta hura wannan?" ta tambaye shi.

Ya ce, "Ƙanwarki. Ta kira ni daga unguwar Guillotière a Lyon, ta sha, tana shirin tuƙi. Na sa ta hura, na karɓe makullin motarta. Ta roƙi kada ki sani."

Kishin bai tafi ba, wuri ya sake. Ita ta goyi yarinyar nan a Maradi, amma ranar da yarinyar ta shiga uku, shi ta kira, ba ita ba.