Ɗigo Uku a Gefen Ambulan

"Tashi ki nuna wa baƙinmu abin da kika iya," in ji Malama.

Gwana ta miƙe, ta jingine sandarta. Sunan da aka laƙaba mata ke nan a cibiyar shirya makafi neman aiki, don ba mai buga kwamfuta kamarta. Ta zayyano amsoshin intabiyu tsaf, baƙi suka tafa.

Shekara uku ke nan ana tafa mata. Takardar neman aiki goma sha ɗaya ta ba Malama ta kai ma'aikatu, kowace ambulan sai da Gwana ta huda mata ɗigo uku da allura don ta gane kayanta. Ko sau ɗaya ba a kira ta ba.

"Haƙuri, 'yata," Malama kan ce. "Mutane ne ba su san darajarku ba."

Da baƙi suka tafi, Malama ta ce ta miƙo mata biro daga durowar sama. Gwana ta laluba, ta ja ta ƙasa bisa kuskure. Yatsunta suka sauka kan ɗigo uku. Ta ƙirga. Ambulan sha ɗaya, duk a liƙe.

"Malama, ashe ba ki kai ba?"

Malama ta tura durowar ta rufe.

"In kika tafi, 'yata, wa zan nuna wa baƙi?"